Aiki a Tsakiyar Bazara: Yadda Za Ka Tsare Ma'aikatanka Daga Bugun Zafi a Katsina

A cikin watan Afrilu ne, muna zuba dekin a wani gida can bayan Ƙofar Ƙaura. Mun yi niyyar farawa da sassafe, amma tankar ruwa ba ta iso ba sai da hantsi ya ɗaga, don haka azahar ta riske mu ko rabi ba mu kai ba. Wanda ya san kankare ya san ba a barinsa a tsakiya, in an fara sai an ga ƙarshe. A cikin leburorin akwai wani matashi ɗan ci-rani, kwanansa biyu da kama aiki da mu. Na ga ya hau tsani da kwanon kankare a ka, ya kai sama, sai ya tsaya yana waige-waige kamar wanda ya manta abin da ya kawo shi. Birkila ya daka masa tsawa: "Kai yaro, zuba mana!" Sai ya juye kwanon a inda aka riga aka shafe, ya kama wata magana ba kai ba gindi. Kafin mu sauko da shi ya sulale. Da na taɓa wuyansa, sai na ji kamar murfin tukunyar da ke kan murhu.

Nan take wurin ya rikice. Wani ya ce iska ce ta buge shi, wani ya ruga neman fanadol. Dattijon da ke gadin wurin ne ya ture mu gefe ya ce, "Oga, ku yi addu'arku kuna zuba mashi ruwa. Rana ce ta dafa shi." Muka kwarara masa ruwan da muka sayo don siminti, muna yi masa fifita da kwali, sannan muka sa shi a mota. Allah ya sa da sauran kwanansa a gaba.

Na daɗe ina juya wannan rana a raina. Yaron bai yi komai ba face abin da aka ɗauke shi ya yi. Ni na bari aka fara zubi a makare, ni na sa sabon zuwa a kan tsani, kuma ni ne ban tanadi ko rumfar zana ba. Lebura ba shi da ta cewa a kan lokacin farawa ko lokacin hutu, yana tsoron ya ce ya gaji a ce masa rago gobe a ɗauki wani. Saboda haka da kai nake, mai ba da aiki: ɗan kwangila, shugaban leburori, mai gidan bulo, mai gidan burodi, mai gona. Mai aikin kansa, irin su ɗan ga-ruwa da ɗan dako da mai Keke Napep, shi ma zai tsinci nasa a ciki.

Kafin matakan, ga abin da zafi ke yi wa jiki

Zafin jikin mai lafiya yana zaune ne wajen digiri 37. Mai aikin ƙarfi a rana wuta biyu ke cinsa, ta sama da kuma wadda tsokarsa ke hurawa daga ciki. Jiki na kare kansa da zufa, kuma yadda take aiki daidai yake da randa: ruwa ya tsattsafo ta jikin ƙasa, iska ta busar da shi, na ciki ya yi sanyi. Bushewar zufa a kan fata ita ke ɗauke zafi. Mai aiki mai nauyi a rana yana iya zubar da lita ɗaya ko fiye a cikin awa guda, kuma in bai mayar ba jini ya ragu, zuciya ta shiga bugu da sauri don ta kai shi ko'ina, ƙoda ta shiga wahala. Idan zafin ciki ya haura digiri 40, ƙwaƙwalwa ta fara rikicewa. Wannan shi ne bugun zafi, kuma yana kisa cikin ɗan lokaci.

Bazararmu fuska biyu gare ta. A Maris da Afrilu iska busasshiya ce ƙayau, zufa na bushewa tun kafin ka gan ta, sai dai farin gishiri a bayan riga. Mutum ya ɗauka bai yi zufa ba alhali ruwan jikinsa na ta tafiya. Daga ƙarshen Mayu kuwa, lokacin da hadari ke haɗowa yana watsewa, iska kan yi laima, zufa ta riƙa kwarara ba ta bushewa. Rigarka sharkaf amma jikinka bai huce ba. Na biyun ya fi yaudara, domin mutane na ganin gajimare su ce zafi ya sauka.

Mataki na farko: ranar zafi tun jiya ake shirya mata

Da yamma ka duba hasashen yanayin gobe. Hukumar hasashen yanayi ta ƙasa, NiMet, kan fitar da gargaɗi idan za a yi tsananin zafi, gidajen rediyo na faɗa, kuma kusan kowace waya tana nuna hasashen gari. A Katsina da Daura ba baƙon abu ba ne ma'auni ya haura 40 a Afrilu da Mayu. Ka tuna cewa a inuwa ake auna wannan lambar. Wanda ke tsaye cikin rana tsaka yana iya jin ƙarin da ya kai digiri 8, balle wanda ke kan kwanon rufi ko gefen kwalta.

Sai ka raba aikin gobe gida biyu, mai nauyi da marar nauyi. Haƙar tushe, ɗaukar bulo, sauke siminti, kwaɓa kankare, buga kwano, duk ka tura su zuwa bayan sallar asuba har zuwa wajen ƙarfe 11. Da sanyin safiya ake kama fara. Abin da za a iya yi a ƙarƙashin rufi, kamar filasta ta ciki, ɗaurin rodi a rumfa, aikin waya da na famfo, shi za a yi da rana. Abin da ya rage na mai nauyi a dawo masa bayan la'asar. Mutane da yawa na zaton ƙarfe 12 ne ƙololuwar zafi, amma iska ta fi ɗaukar zafi tsakanin ƙarfe 2 da 4, bayan ƙasa da bango sun gama shan rana suna amayar da ita.

In ranar zubin dekin ce, duk abin da zai iya makarar da kai ka kawar da shi tun daren: ruwa ya kwana a tanki, yashi da tsakuwa su kwana a wurin, a gwada injin kwaɓi, a ƙara hannu yadda za a riƙa karɓa-karɓa. In gari ya waye wani abu ya ci tura har hantsi ya yi, ka ɗaga zubin zuwa gobe. Na san mai gida zai kira yana faɗa, na sha irin wannan kiran. Faɗansa na yini ɗaya ne.

Wannan ba sabon tsari ba ne. Kakanninmu da ke sassabe a gona da bazara da walaha suke dawowa gida. A Katar, tun 2021 doka ta hana aiki a fili daga ƙarfe 10 na safe zuwa 3:30 na yamma, daga 1 ga Yuni har 15 ga Satumba. A Saudiyya an hana daga ƙarfe 12 zuwa 3, daga tsakiyar Yuni zuwa tsakiyar Satumba. Waɗannan ƙasashe ne da gini ba ya tsayawa a cikinsu.

Mataki na biyu: ruwa, da lissafinsa

Hausawa sun ce sai da ruwan ciki ake jan na rijiya. Ƙa'idar da masana lafiyar ma'aikata suka tsayar ita ce kofi ɗaya, wajen rubu'in lita, kowane minti 15 zuwa 20. In da ruwan leda ake lissafi, rabin leda ke nan kowane zagaye. A riƙa sha kaɗan-kaɗan ba tare da an jira ƙishi ba, domin ƙishi kan makara, kafin ka ji shi jiki ya riga ya yi asara. Haka kuma kada a wuce lita ɗaya da rabi a awa guda, wato leda uku. Ruwa zalla mai yawa a lokaci ɗaya yana tsinka gishirin jini, shi ma ciwo ne mai zaman kansa.

Yanzu ka yi lissafi kamar yadda kake lissafin buhunan siminti. Mutum goma, awa takwas, kowa na shan kofi uku a awa, lita 60 ke nan. Jarka uku mai lita 25, ban da na alwala da wanke fuska. Ka sa kuɗin a cikin kiyasin aiki tun farko, kada ka bar shi a wuyan lebura. Wanda zai cire kuɗin ruwan leda goma sha biyu daga abin da zai kai gida, wallahi ba zai sha rabinsu ba, zai daure.

Inda ka ajiye ruwan yana da muhimmanci kamar yawansa. Idan sai mutum ya sauko daga bene ya zagaya bayan gini kafin ya sha, ba zai je ba. A kai ruwa inda hannu ke aiki, a hau da jarka sama. Randa biyu a gindin bedi sun fi jarkar roba da ta yini a rana, domin ruwan da ya yi ɗumi ba ya shiga ciki. In jarka ce kawai gare ka, ka naɗe ta da jiƙaƙƙen buhun algarara ka ajiye inda iska ke bi. Kuma don Allah a raba ruwan sha da na duron kwaɓi. Wanda ya sha gurɓataccen ruwa ya kwana yana gudawa, gobe ya zo aiki jikinsa a bushe, shi ne farkon wanda rana za ta kayar.

Zufa da gishiri take fita. Ga yawancin mutane abincin yau da kullum yana mayar da shi, shi ya sa fita aiki da yunwa ke da haɗari. Koko da ƙosai da safe, fura da nono da rana, kankana ko gurji in an samu. Wanda ya yi awoyi yana zufa, ko jijiya ta fara ɗaure masa, a dama masa ruwan gishiri da sukari: ko dai na fakiti da ake sayarwa a kemis, ko a haɗa a lita ɗaya ta ruwa mai tsabta da ƙaramin cokali shida na sukari a shafe da rabin ƙaramin cokali na gishiri. Kada a ƙara gishiri da sunan ƙarin ƙarfi, kuma kada a ba mutum gishiri ya lasa haka nan.

Ma'aunin da kowa ke da shi kyauta shi ne fitsari. In fari ne ko ruwan ɗorawa mai haske, lafiya lau. In ya yi duhu kamar shayi, ko mutum ya yini bai zagaya ba, ruwa ya yi ƙaranci. Akwai nauyi a yi wannan magana da babba, na sani, amma ka faɗa wa kowa a tare da safe, kowa ya duba nasa. A ƙasashen Nikaraguwa da Salbado an ga matasa masu yankan rake da yawa sun kamu da ciwon ƙoda ba tare da sukari ko hawan jini ba, kuma masu bincike sun alaƙanta abin da aikin ƙarfi cikin zafi da bushewar jiki da ke maimaituwa kullum. Ba lallai mutum ya faɗi a wurin aiki ba, ɓarnar na iya taruwa a ɓoye shekara da shekaru.

Mataki na uku: inuwa da hutu, da maganar jinga

Rumfa ba ta da tsada. Itace huɗu da zana, ko tamfol da aka ɗaga sama yadda iska za ta ratsa, da tabarma a ƙasa. Zana ta fi kwano sanyi nesa ba kusa ba. A kafa ta ranar da aka kawo yashin farko, kusa da aiki, da randa a ciki.

Daga hantsi, a huta aƙalla minti 10 zuwa 15 kowace awa, a zaune, a inuwa. Zafi na ƙaruwa hutu na ƙaruwa. Jadawalin da hukumar binciken lafiyar ma'aikata ta Amurka ta fitar ya nuna cewa idan ma'auni ya kai 40, mai aiki mai nauyi hutunsa ya kamata ya fi aikinsa yawa a cikin kowace awa. Wannan kaɗai ya isa ya nuna maka cewa ɗage aikin zuwa safiya ya fi riba.

Ga inda gizo ke saƙar. Yawancin aikinmu jinga ne: a biya ka bisa yawan bulon da ka buga, ko buhunan da ka sauke, ko tsawon ramin da ka haƙa. Wanda ake biya haka, duk minti goma da ya zauna yana ganin kuɗi ne ke zubewa daga aljihunsa. Ka ce masa ya huta, zai ce maka, "Oga bari in cika ɗari tukuna." Shi ya sa hutun da aka bar wa mutum zaɓi ba ya aiki. Dole ya zama na kowa da kowa a lokaci guda. Ni abin da nake yi, ina sa ƙararrawa a wayar shugaban leburori. Tana kaɗawa kowa ya ajiye shebur, har birkila, har ni. In babba ya zauna, yaro ba ya jin kunyar zama. A watannin bazara kuma nakan sasanta da su a kan kuɗin yini maimakon jinga, ko in rage adadin da ake nema ba tare da na taɓa kuɗin ba. A gonakin raken da aka gwada tsarin ruwa da hutu da inuwa, aikin bai ragu ba. Ni ma abin da na gani ke nan: wanda ya huta layinsa kan miƙe, wanda ya galabaita kuwa sai an rushe abin da ya ɗora bayan azahar.

Masu aiki kusa da wuta nasu zafin ba ya jiran rana. Mai gidan burodi ya buɗe tagogi ta ɓangarori biyu, ya sa masu tsayawa bakin tanda su riƙa canji, ya ware wurin hutu a waje. Haka maƙera da masu walda. Ke ma mai tuyar ƙosai ko awara, ki juya murhu yadda iska za ta kore hucin daga jikinki, ki ajiye ruwan shanki kusa da hannu, kuma kada ki goya yaro a bakin wuta da rana. Dokar masana'antu ta Najeriya ta 1987 ma ta wajabta wa masu masana'anta samar da ruwan sha mai tsabta da hanyar shigar iska. Game da fanka: idan iskar ɗaki ta fi jiki zafi, fanka ita kaɗai hucin take watsa maka. A jiƙa fuska da wuya da riga tukuna, sannan ta yi amfani.

Mataki na huɗu: sabon zuwa

A nan na yi kuskurena, kuma a nan aka fi yin asarar rai. Hukumar kula da lafiyar ma'aikata ta Amurka ta ce kusan uku cikin huɗu na mutuwar zafi a wurin aiki a makon farko na kama aiki suke faruwa. Jiki na buƙatar kwana 7 zuwa 14 kafin ya saba da aikin ƙarfi a zafi. A cikin waɗannan kwanaki yake koyon fara zufa da wuri, da yawa, da kuma rage zubar da gishiri. Kasancewar mutum haifaffen Katsina ba ya nufin ya saba. Zama a zafi daban, ɗaukar kankare a zafi daban.

Ranar farko ka ba sabon ma'aikaci kashi ɗaya cikin biyar na aikin rana, sauran yinin ya yi a inuwa. Kullum ka ƙara masa kashi ɗaya, ranar biyar ya kai cikakke. Tsohon hannu da ya yi mako ko fiye ba ya nan, ko don jinya ko tafiya, ya fara da rabi, ya cika a rana ta huɗu. Ɗalibin da ya zo neman na kashewa lokacin hutu, da ɗan ci-rani da ya sauka jiya, su ne masu zafin nama don a gan su a riƙe su. Ka haɗa kowannensu da wani babba da zai sa masa ido.

Mataki na biyar: sutura

Riga mai faɗi, mai haske, ta auduga, mai dogon hannu. Rigar ƙwallo ta roba tana riƙe zafi, tuɓe riga kuma yana ba rana fata kai tsaye. Malfa ta fi hular sanyi da wasu ke sawa don tare ƙura. Inda ake sa hular kwano, a sa jiƙaƙƙen ƙyalle ya sauko bayan wuya. Mai walda da mai feshin magani a gona ba za su ajiye kayan kariyarsu ba, don haka su a ƙara musu hutu.

Mataki na shida: ka san mutanenka

Wasu sun fi wasu saurin faɗuwa: dattijai, masu ƙiba, masu hawan jini ko ciwon sukari ko na zuciya ko na ƙoda, mata masu ciki, da wanda ya tashi daga zazzaɓi ko gudawa. Mai sikila bushewar jiki na iya tayar masa da ciwo. Wasu magungunan hawan jini suna sa yawan fitsari, mai shan su kada ya daina da kansa, ya gaya wa likita irin aikin da yake yi. Da safe ka tambaya: wa bai ji daɗi ba jiya, wa bai yi barci ba? Daren bazara in babu wuta ba a samun barci, kuma jikin da bai huce da dare ba da bashin zafi yake tashi.

Sai maganar da ba a son yi. Matasa da yawa na shan ƙwayoyin ƙarin ƙarfi ko lemon gwangwani mai sa kuzari kafin aiki. Ƙwaya irin tramadol tana rufe wa mutum jin gajiya, wato ƙararrawar da jiki ke kaɗawa, ya yi ta aiki har ya kife. Magungunan ciwon jiki irin diclofenac da ibuprofen, waɗanda ake sha kamar gyaɗa bayan an tashi aiki, suna cutar da ƙoda idan jiki a bushe yake. Ka yi musu wannan magana a matsayin wa, ba tare da tozarci ba.

Idan azumi ya faɗo cikin zafi, kamar na 2024 da ya kama daga Maris zuwa Afrilu, ko mutum na ramuwa ko nafila, shawarar kofi kowane minti 20 ba ta da wuri. Abin da ya rage shi ne tsari: aiki mai nauyi daga asuba zuwa hantsi kawai, ko a mayar da shi dare in akwai fitila. A rarraba shan ruwa tsakanin buɗa-baki da sahur maimakon a ɗura shi lokaci guda, a jinkirta sahur, a riƙa jiƙa kai da riga da rana. Wanda alamun haɗari suka bayyana gare shi, malamai sun yi bayanin halaccin karya azumi don tsare rai a rama daga baya. Ka nemi malamin unguwarku ya yi wa ma'aikata wannan bayani tun kafin watan ya kama, don kada a tsaya gardama a kan wanda ke kwance.

Mataki na bakwai: alamomi

Zafi kan yi sallama kafin ya shigo. Farko ƙurajen zafi da ɗaurewar jijiya a ƙafa ko ciki. Sai galabaita: ciwon kai, jiri, tashin zuciya ko amai, kasala, zufa mai yawa, bugun zuciya da sauri. Mai wannan hali yana cikin hayyacinsa. A kai shi inuwa, a kwantar da shi a ɗaga ƙafafunsa, a sassauta tufa, a jiƙa shi, a ba shi ruwa ko ruwan gishiri da sukari yana kurɓa. Aikinsa na ranar ya ƙare, kuma a biya shi kuɗinsa cikakke, in ba haka ba gobe wani zai ɓoye nasa ciwon. Kada a bar shi shi kaɗai. In rabin awa ta wuce bai warware ba, ko amai ya hana shi riƙe ruwa, sai asibiti.

Layin da ke raba galabaita da bugun zafi shi ne hankali. Mutum ya fara sambatu, ko faɗa babu dalili, ko tangaɗi, ko ya kasa gane inda yake, ko ya suma, ko ya kama jijjiga. Ka tambaye shi sunan garinsu da ranar da ake ciki. Kada ka jira sai fatarsa ta bushe, domin mai aikin ƙarfi yana iya kasancewa jiƙe da zufa alhali bugun zafi ya kama shi. Kuma shi da kansa ba zai sani ba, zai ce maka lafiyarsa ƙalau. Shi ya sa ake haɗa ma'aikata biyu-biyu, kowa na duban ɗan'uwansa.

Mataki na takwas: in mutum ya faɗi

A fara sanyaya shi nan take, a wurin, kafin a yi maganar mota. Abin da ake nema shi ne a sauke zafin jikinsa cikin rabin awar farko. Mutum ɗaya ya nemo abin hawa ko ya kira 112, sauran su kama aiki.

A ɗauke shi zuwa inuwa, a tuɓe masa kaya. Hanya mafi sauri ita ce a tsoma jikinsa cikin ruwan sanyi har wuya, wani na riƙe da kansa. A wurin gini akwai yadda za a yi: a shimfiɗa tamfol, a kwantar da shi a tsakiya, mutum huɗu su ɗaga gefuna ya zama kamar kwami, a yi ta zuba ruwa ana girgizawa. A aika yaro ya sayo ƙanƙara wurin masu sayar da ruwan sanyi, duk abin da aka samu a zuba. In ruwa kaɗan ne, a riƙa kwarara masa daga kai zuwa ƙafa ana fifita da ƙarfi, a sa ƙanƙara a wuya da hammata da matsematsi. Jiƙaƙƙen zane in ya ɗauki zafi a canza shi, kada a bar shi lulluɓe. 'Yan kallo su ja baya iska ta shigo.

Wanda ba ya cikin hayyacinsa ba a ɗura masa ruwa ko madara ko manja a baki, zai shaƙe. A kwantar da shi ta gefe saboda amai. In yana jijjiga kada a danne shi, kada a sa masa cokali a baki, a kawar da abin da zai buge shi kawai. Fanadol ba ya sauke wannan zafin, domin ba irin na zazzaɓi ba ne, kuma yana iya ƙara wa hanta nauyi.

A ci gaba da jiƙa shi da fifita a cikin mota, tagogi a buɗe. A Katsina akwai Asibitin Koyarwa na Tarayya da Babban Asibiti, a Daura ma akwai babban asibiti, ka san wanda ya fi kusa da wurin aikinka tun kafin buƙata ta taso. Ka gaya wa ma'aikatan lafiya aikin da yake yi, awa nawa ya yi a rana, da ko ya sha wani magani. Ko ya farfaɗo a hanya ya ce a mayar da shi gida, a ƙarasa da shi. Illar da zafi ke yi wa ƙoda da hanta wani lokaci sai bayan kwana ɗaya ko biyu take bayyana, kuma bazara lokacin sanƙarau ne, wanda shi ma kan zo da zafin jiki da ciwon kai da ruɗewa. Likita ne zai rarrabe. In bayan an sallame shi fitsarinsa ya koma baƙi-baƙi ko ya ɗauke, a koma da shi a ranar.

Wanda bugun zafi ya taɓa kamawa ba ya komawa rana sai likita ya yarda, kuma in ya dawo a ɗauke shi kamar sabon zuwa, kashi ɗaya cikin biyar. Yaron nan namu ya yi kwana uku a asibiti, ya ƙara mako biyu a gida. Da ya dawo na sa shi ban-ruwan bulo da sassafe, sannan na damƙa masa randunan nan biyu: shi ke cika su, shi ke zagayawa da kofi idan ƙararrawa ta kaɗa. Sai da aka yi ruwan farko ƙasa ta huce na bar shi ya sake hawa tsani.